Alhajin Mota

A ƙasar nan ba a tambayar magidanci nawa ne albashinsa. Rashin ta-ido ne, kuma ɓata baki ne, tunda ga motarsa nan a ƙofar gida kowa na gani. Ita mai tumatir ke dubawa kafin ya yanka maka farashi, ita dangi ke dubawa su lissafa gudummawar da ta dace da kai ranar biki, ita maroƙi ke dubawa ya san ko kirari zai yi maka ko ya adana muryarsa. Shekara da shekaru wannan tsari bai taɓa cutar da ni ba, don abin da ke ƙofar gidana Peugeot 504 ce, doguwar nan mai kujeru layi uku. Na sha ganin wanda ya zo karɓar bashi ya tsaya ya ƙare mata kallo, sannan ya ce gaisuwa ce kawai ta kawo shi.

Yaran yanzu in sun ga 504 sai su yi dariya, ba su san da wa suke wasa ba. A 1968 Faransawa suka fito da ita, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, inda ake gudu cikin taɓo da duwatsu. A 1975 ɗin ne kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ba ta daina fitar da 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, bayan masu ita sun daɗe da juya mata baya. Doguwar ita ta riƙe tashoshinmu, Kano zuwa Jos, Kano zuwa Maiduguri, Kano zuwa Sakkwato. Turawa sun yi ta don mutum bakwai. Mu dai ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin umarni ba.

Tawa a gwanjon wata ma'aikata na same ta, ta gama bautar gwamnati ta dawo bautar gidana. Tana da halaye, ban musa ba. Ƙofar bayan direba ba ta buɗuwa sai ka ɗaga ta sama kaɗan, ka doke ta da gwiwa, sannan ka ja, kuma duk duniya ni kaɗai na iya jera ukun nan. Hannun sauke gilashi ɗaya ya rage, miƙa shi ake yi daga kujera zuwa kujera. Allurar mai ta mutu tun kafin ta zo hannuna. In sanyin safiya ya kama ta, yaran unguwa ke tura ta kafin su wuce makarantar allo, suna da tsayayyen kuɗin alawa a wajena.

Amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Bakanikena, wanda garejinsa gindin wata darbejiya ne a wajen Ƙofar Ruwa, da kunne yake gano ciwonta. Ya kwance kafireta ya hura da baki, ya goge kwantak da samfefa, ya ɗaure fambel, in ba shi abin da ya sawwaƙa ya yi godiya. Kuma a gaskiya ba tawa ba ce ni kaɗai, makullinta a jikin ƙusa yake a soro. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, ita ce. Kai amarya, ita ce, ana rangaɗa guɗa ta taga. An yi kaka, ita ke kwaso buhunan masara daga ƙauye. Ban taɓa jin takaicin tabo a kujerarta ba, don ba mai iya tantance sabo daga tsoho.

Ta taron tsofaffin ɗalibai Shaiɗan ya shigo. An kama wani katafaren ɗakin taro, na sha shadda na kafa hula, ina kunno kai bakin ƙofa mai gadi ya ɗaga hannu ya leƙo ya ce, "Malam, masu kawo abinci ta baya suke shiga." A kan idon mutumin da ni nake yi wa lissafi a aji uku, wanda a daidai lokacin yake saukowa daga wata baƙar jif. Ya rungume ni ya ce, "Kai! Har yanzu tana nan? Wallahi kai mutum ne mai riƙon amana." Na taya shi dariya, amma naman taron bai yi mini daɗi ba. A cikin makon kuma babbar 'yata ta roƙe ni in riƙa sauke ta a kwanar da ke kafin makarantarsu, wai tana son motsa jiki.

Daga nan dare ya zama na kallon motoci a Facebook. Uwargida ta ga hasken waya a ƙarƙashin bargo ta gane. Ta ce, "Baban yara, in canjin ya zama dole, ka nemo Sienna irin wadda kowa ke hawa, mu shige gaba ɗayanmu, kowane bakanike ya san ta." Na ce ni mutumin wagon ne, a wagon zan zauna, sai dai wadda in ta tsaya a bakin ƙofa mai gadi zai sara mata. Ta ce, "To, Allah ya sa rai aka yi wa." Duk mai aure ya san akwai addu'ar da ba a amsa ta da ƙarfi.

A wani filin dillalai na same ta, doguwa, baƙa wuluk, 'yar Jamus, kujerun fata, inji mai silinda shida. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba ruwansa: ya ƙera motarsa ne saboda titin ƙasarsu da magidancin ƙasarsu mai 'ya'ya biyu, bai san da zamana ba. Har gobe 'yar Kwatano muke ce wa irinta, ko da yake a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu, shi ya sa dillalin ya yi saurin baza mini takardun kwastam na Legas a kan bonet. Ya ce fentin kamfani ne. Na tambayi shan mai. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta shan mai, sansana shi take yi." Shi ne mutum na farko da ya taɓa ce mini Alhaji, ni da ko filin jirgi sai rakiya. Nan ciniki ya ƙare, sauran "albarka" da "ƙara dai" duk cika al'ada ne.

Fulotina na bayan gari ya tafi. Bashin ƙungiyar ma'aikata ya hau kan albashi. Tsohuwar kuma na sallama ta ga wani direba ɗan garinmu mai jigila tsakanin Kano da ƙauye, kuɗinta ya ƙare a la'ada da lamba da inshora. Watan Maris ne na 2023, lokacin canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki saboda dubu biyar. Na tura miliyoyi ta waya cikin minti ɗaya, na shigo unguwa yara na bin mota da gudu, sannan na rasa ɗari biyar ta hannu da zan ba su. Uwargida ce ta ranta mini daga kuɗin cefane.

Ba a jima ba na gane kallon kitse ake yi wa rogo. Mai facin bakin titi, wanda ya daɗe yana sa mini iska kyauta, ya fara karɓar kuɗi, wai tayar manya ce. Mahauci ya daina nuna mini ƙashi, sai hanta da ƙoda. Kwamitin masallaci, inda a da ni ne mai rubuta sunayen masu bayarwa, ya sa sunana a saman takardar sayen sola. Islamiyyar unguwa ta aiko kati, ni ne babban mai ƙaddamarwa ranar sauka. 'Yan'uwan da rabona da muryarsu tun rasuwar kakarmu suka samo lambata, kowa ya fara da "Allah ya sanya alheri", ya ƙare da kuɗin makaranta. Wa zan gaya wa cewa duk abin da na mallaka, har da wanda ban mallaka ba, shi ne suke gani tsaye a kan taya huɗu?

A cikin gida kuma lissafi ya ƙi fita. Mu tara ne, in an haɗa da ƙanwar uwargida da ɗan yayana da nake riƙo, motar kuwa mazaunin mutum biyar gare ta. In ba a ɗaura bel ba ta dinga ƙara ke nan har sai an ɗaura. Ranar da na ɗora buhun shinkafa a kujerar gaba ta ɗauka mutum ne, sai da na tsaya a gefen titi na ɗaura wa buhu bel, 'yan adaidaita sahu na kallo. Na kafa dokoki: ba rake, ba gyaɗa, ba mangwaro. Makulli ya bar ƙusar soro ya koma aljihuna. Maƙwabta suka daina ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare, suka koma yi da ni da rana.

Bayan ƙaramar Salla surukina ya zo daga ƙauye ganin likitan ido. Dattijo ne irin mutanen da, tunda na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na ga dama ta samu ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba. Na buɗe masa gaba da kaina, na ɗaura masa bel, na shiga na hau danne-danne don in ƙure masa sanyi. Ƙarshen Afrilu ne, zafin Kano ya haura 40 a ma'auni. Cikin maɓallan da na danna akwai wani mai hoton kujera da wasu layuka a karkace suna tashi sama. Na ɗauka iska ce. Na danna har fitilu uku suka kama, don Baba ya sha sosai.

Mutanen da suka ƙera motar suna da watannin da ruwa ke daskarewa a kan titi, saboda haka suka shimfiɗa wayoyin wuta a cikin kujerun gaba, su gasa wa mutum mazauni da gadon baya. Wannan bayani daga baya ya iso ni. A lokacin abin da na gani shi ne, muna shiga cunkoson Titin Zariya Baba ya fara gyara zama. Ya karkata dama. Ya karkata hagu. Ya dafa ƙofa ya ɗan ɗaga jiki, bel ya dawo da shi. Gumi na bin gemunsa, ga iska mai sanyi na dukan fuskarsa. Na ce, "Baba, ko sanyin ya yi yawa?" Ya ce, "A'a Malam, alhamdu lillahi." Ta yaya dattijo zai buɗi baki ya gaya wa mijin 'yarsa inda ke ƙuna? Sai ya ciro carbi. Daga istigfari ya koma hasbunallahu, da danja ta tsayar da mu kuwa na ji ya shiga neman tsari daga azabar wuta a bayyane. Na ce a raina, ikon Allah, tsufa ya zo wa Baba da tunanin lahira. Har amin na riƙa cewa.

Da muka isa asibiti bai jira na zagayo ba. Ya fita ya tsaya a inuwa yana kaɗa babbar riga ta baya. A dawowa ya ce shi adaidaita zai hau, akwai wanda zai biya ya gaisar. Da dare ya ja 'yarsa gefe ya tambaye ta ko mijinta ya binciki asalin motar nan, kuma ko akwai wanda suke takun saƙa da shi a wurin aiki. Washegari ya sa aka kawo rubutu a yayyafa wa kujerar.

Ranar 29 ga Mayu ina zaune gaban talabijin sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500, a watan Yuli ta wuce 600. Dillali bai yi ƙarya duka ba, tana sansana man, sai dai in ta sansana takan shanye. Allurar tsohuwa a mace take, ba ta taɓa tayar mini da hankali ba. Ta wannan kuwa lafiyarta lau, har da lamba a gaban sitiyari mai gaya maka saura kilomita nawa ka tsaya, kana kallo tana sauka ko a danja kake. Na daina kunna sanyi. Amma in zan shigo unguwa sai in rufe gilashi ruf, kada a ce Alhaji ya gaza, ina murmushi, ina ɗaga hannu, ina dahuwa.

Wata safiya wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, da dogon rubutu da Jamusanci. Na kashe mota nan take na je na ɗauko bakanikena. Ya buɗe bonet, ya tarar baƙin murfin roba ya rufe komai, ya zagaya, ya sa kunne, ya mayar ya rufe a hankali. Ya ce, "Oga, wannan ba ta kunne ba ce, ta kwamfuta ce. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Aka haɗa ni da wani yaro mai jakar goyo, sa'an ɗana, wanda kuɗin jona na'urarsa kawai ya fi abin da tsohuwa ke ci a gareji a wata. Ya jona, ya daddanna, ya ce ruwan wanke gilashi ne ya ƙare. Na biya. Ya ce tunda an riga an jona bari ya leƙa sauran. Abin tace hayaƙin nan na jikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, an fasa an kwashe shi tun kafin ta zo hannuna, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Tafiyar da agogonta ke nunawa kuma, ƙwaƙwalwar giya ta ce ita ba haka ta ƙirga ba, a ninka. Sansa biyu na gab da mutuwa, ba a samunsu a Ƙofar Ruwa sai an aika kasuwar Ladipo a Legas. A tsakiyar Yunin shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga 460 da 'yan kai a farashin hukuma ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Mai kayan ya ce farashin da ya faɗa mini da safe na safe ne.

Duk wannan shimfiɗa ce. Babbar Salla ta faɗo ƙarshen Yuni, damina ta kankama, ni kuma na ƙudura sai ƙauye ya ga motar nan. Ranar jajibere muka yi lodi: buhun shinkafa, jarkar mai, akwatunan kayan Salla, mu tara, sai rago. Na rantse rago ba zai shiga ba. Uwargida ta tambaye ni ko a ƙafa zai biyo mu. Aka shimfiɗa leda a but aka ɗaure shi, kafin mu kai Kwanar Dangora ya cinye ragar da ta raba but da kujeru, ya fara ɗanɗana matashin kai.

Irin wannan doguwar ba ƙarfen sifirin ke riƙe bayanta ba. Wasu jakunkunan roba ne biyu cike da iska, kanikawa na ce musu balan-balan, da ɗan injin da ke hura su, in an yi lodi ya ƙara iska mota ta daidaita. Dabara ce mai kyau. Sai dai roba takan tsufa ta tsattsage, tawa kuma ta sha ƙanƙarar Turai shekaru kafin ta zo ta sha ranar Kano. Muna sauka daga kwalta muka kama burji, ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami, sai ji muka yi fam! Rago ya yi kuka, yara suka yi salati. Motar ta durƙusa a tsakiyar hanya kamar raƙumin da ya ga ya iso masauki, hanci sama, baya a taɓo.

Nan da nan manoma suka bar gona suka kewaye mu. Mutanen kirki, kowa da shawararsa. Matasa suka naɗe hannun riga za su tura, na ce injin lafiyarsa lau, kuma ma irinta ba a tayar da ita da turi. Wani ya ce a kawo shanun huɗa, na ce tayoyin sun shige cikin jiki, in aka ja za a bar rabinta a hanya. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Alhaji, ita me ake yi mata in ta yi haka?" Na ce waya ake bugawa Kano. Ya ce, "Ikon Allah." Na buga. Mai janwe ya ce shi ma yana hanyar garinsu, sai bayan Salla in Allah ya kai mu.

Hanyar garinmu ɗaya ce, mai jigila a kanta ma ɗaya ne, saboda haka ba sai na faɗi wadda ta ɓullo wajen la'asar ba, kaya a bisa sun fi ta tsayi, tana tafe tana watsa taɓo. Direban ya fito ya yi mini jaje sosai, har da cire hula. Ya ce bari ya sauke na ciki ya dawo, ya kuwa dawo. Sannan ya ƙirga iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga buhu, ya sa rago a mutum biyu, ya faɗi kuɗi, farashin jajibere na bayan cire tallafi. Uwargida ta buɗe jaka ta biya kuɗin kujerar da ta yi shekaru tana zama a kai kyauta. Ba ta kalle ni ba, wanda ya fi kallon ciwo. Yara kuwa rige-rigen layin baya suke, ƙaramin na tambaya ko a nan an yarda a sha rake. Aka zo ƙofar bayan direba ta ƙi buɗuwa. Direban ya ce shi tunda ya saye ta ta taga ake shiga nan. Na matsa, na ɗaga, na sa gwiwa, na ja. Ta buɗe. Manoman nan suka yi mini tafi, na kuma karɓa, don na cancanta.

Ni na kwana gadin 'yar Jamus, ni da sauro. Da asuba na bar wa wani manomi amanarta da kuɗin goro, na hau bayan babur, na yi sallar Idi da taɓo a shadda. Kada ka ɗauka labarin ya rage mini daraja a gari. Cewa aka yi motar Alhaji tsabar tsada ce ta sa ba ta taka ƙasa, saboda haka masu zuwa karɓar barka da Salla suka ninka na bara.

Da janwe ya kawo ta Kano aka faɗa mini kuɗin balan-balan biyu da injin hura su, na nemi benci na zauna. Mutumin gindin darbejiya ne ya cece ni. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya san ƙarfe. Ya shiga Ƙofar Ruwa ya fito da sifirin biyu na wata motar da ba su haɗa ko ƙasa ba, shi da mai walda suka yi ta ƙwanƙwasa. Ta miƙe. Ta ma zarce, don yanzu bayanta ya fi gabanta tsayi, kullum kai a sunkuye take tafiya. Wata jar fitila ta kama tana cigiyar balan-balan ɗinta, ya yanko baƙin salatif ya liƙe wurin. Ya ce, "Shi ke nan Oga, ta daina."

Na koma wa dillali in ji nawa za ta yi. Ya zagaya ta yana taɓe baki, ya ce, "Malam, wa ke sayen wagon yanzu? Ga ta 'yar Jamus, ga silinda shida, ga ta ta zama 'yar gida." Na tuna masa maganar sansana mai. Ya ce ai a lokacin man ne mai araha. Abin da ya taya ko bashin ofis ba zai rufe ba. Sai na lulluɓe ta da tamfol, na koma hawa adaidaita zuwa aiki, ana fito da ita ranar Juma'a da ranar biki. Unguwa ta kasu biyu, wasu na cewa tawali'u ne, wasu na cewa rowa ce. Ba wanda ya kawo talauci a lissafi.

Da hunturu ya shigo surukina ya dawo a duba masa ɗaya idon. Tuni 'yata ta gano sirrin maɓallin nan ta bayyana wa kakanta, aka yi dariya aka wuce. Wata asuba ana hazo, mun fito masallaci, sai ya biyo ni a hankali yana dafe da ƙugu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, wannan kujera taka, har yanzu tana yin abin nan?" Na ce tana yi, Baba. Ya ce sanyin ƙashi ya hana shi barci, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Na yaye tamfol, na tayar da inji, don in ba a tayar ba batir zai mutu, na danna masa fitila biyu. Ya zauna ya lumshe ido. Can ya ce a ƙara ta ukun.

Kwana biyu ya zo yi, sai da hunturu ya kusa fita. Kuma dattijo ba ya ɓoye alheri. Ya gaya wa ladan, ladan ya gaya wa liman, liman kuwa ya daɗe yana fama da ciwon baya. Kujerun masu zafi biyu ne kacal, har da ta direba, saboda haka aka tsara layi, minti goma-goma, ana zaune a kan benci a ƙofar gidana da carbi ana jiran a kira mutum. Silinda shida na ta ruri, mota ba ta matsa ko taku ɗaya ba, ni ina gefe cikin rigar sanyi ina leƙen lambar kilomita tana sauka. Ba a karɓar kuɗi a hannun liman. Addu'a dai ina shan ta, har an fara roƙa mini Allah ya ƙaro ta biyu.

A watan Oktoba na 2024 lita ta haura naira 1,000. Ban gama jin labarin a rediyo ba waya ta yi ƙara, Baba ne daga ƙauye, ya kira ni kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce in gaya wa yarinyar nan ta gyara ɗakin baƙi, bana da wuri zai shigo, kuma zai taho da ƙaninsa da mai unguwarsu, su ma ƙugun ne.